Ɗigo a Gidan Goma

Ranar Litinin da safe maigadi ya tarar an ɓamɓare ƙarfen da ke riƙe da kwadon sito. Kwadon kansa yana nan a kulle, yana lilo a jikin ƙofa. Ba a ɗauki komai ba. Kwalayen alli suna nan, sabbin littattafai suna nan cikin ledarsu. Ƙunshi ɗaya kawai aka kwance aka baza a kan tebur, na jarrabawar lissafin aji huɗu, kuma yawancin takardun in an ɗaga sai a ga shatin magogi a jikinsu.

Kafin a kaɗa ƙararrawar tara, ɗakin malamai ya gama yanke hukunci. Goggo ce.

Goggo ita ce malamar aji huɗu, shekararta talatin da ɗaya a makarantar. Shekara uku ke nan da ofishin ilimi ya fito da kuɗin ƙwazo, ana auna malami da abu biyu. Na farko, mai sa ido ya zo ya zauna a bayan aji da fom yana ba da maki. Na biyu, a duba makin da yara suka shigo ajinka da shi da wanda suka fita da shi a jarrabawar ƙarshen shekara, tazarar ita ce ƙwazonka. Wanda ya yi sama albashinsa ya ƙaru. Wanda ya faɗi a duka biyun a cire shi daga aji. Bana Goggo ta faɗi a duka biyun. Ta rubuta koke, an sa ranar Alhamis za a sake duba takardun. Idan kuwa aka tabbatar ta shiga sito ta taɓa su, kora ce, kuma fanshonta ya tafi.

Ofis ya turo mutumin da ake kira Sawu. Mahaifinsa mai bin sawun dabbobin sata ne, shi ma ya yi sana'ar kafin ya shiga aikin ofis, sunan ya bi shi. Yanzu takardu yake bi. Gajere ne, ba ya son yawan magana, kuma ba ya shiga ɗaki sai ya gama kallonsa daga bakin ƙofa.

"Mutum nawa suka shiga tun safe?" ya tambayi hedimasta.

"Ni da maigadi kawai, yallaɓai. Sauran leƙe suka yi."

Sawu ya tsuguna. A cikin ƙurar allin da ta kwanta a daɓen akwai sawun takalmin hedimasta, da silifas ɗin maigadi, da wani ƙaramin sawu mai jan ƙafar hagu, a gefensa shatin robar bakin sanda. Ya miƙe ya dubi jikin ƙofar. An soka wani siririn ƙarfe sau bakwai ko takwas kafin katakon ya saki. Hannu ne marar ƙarfi, mai naci.

"Kun gani ko," in ji hedimasta. "Mutum ɗaya ke dogara sanda a nan."

Sawu ya matsa wurin teburin. Ya shafa saman teburin da tafin hannu, ya duba. Ya haska ƙarƙashin tebur da tocila. Wanda ya goge takarda sittin zai bar garin magogi kamar an yi tankaɗe. A nan ko ƙwaya babu.

* * *

Maigadi ya fara da cewa bai ga kowa ba. Sawu ya zauna kusa da shi a kan benci, bai ce uffan ba, yana kallon yara suna layin famfo. Shirun ya yi wa maigadi nauyi.

"Asabar da la'asar ta zo," ya ce. "Ta ce ta yi mantuwa. To ni wa? 'Ya'yana uku a hannunta suka iya karatu. In ce mata koma?"

"Me ta riƙo?"

"Sandarta. Da jakar nan tata da ta girme ni."

"Ta daɗe?"

"Ko rabin awa ba ta yi ba. Ta fito ko sallama babu, ita da ba ta wuce ni sai ta tambayi ƙafata."

Hedimasta ya fi maigadi magana. Ya ce matar nan ba ta jin shawara. Kowa ya san yadda ake karɓar mai sa ido: a maimaita darasin sau biyu kafin ranar, a manna hotuna a bango, a raba yara rukuni-rukuni domin fom ɗin yana da gurbin wannan.

"Ita kuwa ranar da aka zo mata, minti ashirin ta yi a kan yarinya ɗaya da ta kasa ɗebewa. Mai sa ido yana zaune yana duba agogo. Gurbi tara ya bari ba maki. Na ce mata, Goggo, wasan fa na awa ɗaya ne. Ta ce ita ba 'yar wasa ba ce."

"Bayan jarrabawa, ina takardun suka kwana?"

"A sito. An yi ta ranar Juma'a, motar ofis ta zo Litinin. Can aka duba su, aka dawo mana da su."

"Makulli fa?"

Hedimasta ya ɗaga kalandar da ke bayan kujerarsa. Ƙusa ce, ba komai a jikinta.

"Da a nan yake zama. Kowa ya sani. Da ta fara damuna sai ta ga takardun, doka kuma ta hana malami ganin na ajinsa, sai na mai da shi aljihu."

Sawu ya auna mutumin. Ba ya ƙaunar Goggo, wannan a fili yake. Amma faɗuwar ajinta ta ja makin makarantar ƙasa, shi ma nasa kuɗin ƙwazon ya bi ruwa. Sawu ya ajiye shi gefe guda.

* * *

Ya kulle kansa a sito da takardun. Ya kwantar da tocila a gefen kowace takarda yadda hasken zai bi ta kwance, shatin fensirin da aka goge ya fito kamar sawu a laka. Abu na farko da ya gani ya sa ya sake dubawa. A ƙarƙashin amsar da aka rubuta ba daidai ba, tsohuwar amsar daidai ce. Ya duba goma, ya duba ashirin. Duk haka. Ba a ƙara wa yaran maki ba, rage musu aka yi.

Abu na biyu, jan biron mai dubawa na ofis ya bi ta kan gugar ne, tawadar har ta ɗan baje a inda takardar ta yi laushi. Ke nan an yi gugar kafin motar ofis ta zo, wata biyu da suka wuce. Wadda ta shigo ranar Asabar kallo kawai ta yi.

Abu na uku ƙarami ne. Yaran duk iri ɗaya suke yin aro wajen ɗebewa: su soke lambar sama, su rubuta ragowar a kanta, yadda manhajar yanzu ta ce. Amma a lissafin da aka taɓa, a wurare da dama, akwai ɗan ɗigon fensir a gefen lambar ƙasa, a gidan goma. Mai gugar ya bukaci sanin amsar gaskiya kafin ya ƙirƙiro kuskuren da zai yi kama da na yaro, sai hannunsa ya yi lissafin yadda ya saba.

Ya nemi malamar aji uku, wadda ake kira Anti, domin an ce ba sa ga-maciji da Goggo.

"Ba ma shiri, eh," in ji Anti. "Kullum sai ta ce na turo mata yara ba su iya ajiye lamba a gidanta ba. A gaban mutane fa. Amma in rage mata maki in samu me? Nawa ƙwazon an riga an auna shi tun bara."

Ya nuna mata ɗigon. Ta matso da takardar kusa da ido.

"Wannan ai lissafin tsoffi ne. Maimakon a rage na sama, sai a ƙara ɗaya a na ƙasa, a sa ɗigo don kada a manta. An daina tun kafin in shiga kwaleji. Mutum ɗaya na sani da ta koyar da shi a nan."

"Wa?"

"Wa kuwa."

* * *

Gidan Goggo ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida. An dakatar da ita tun safe. Ya same ta zaune a kujerar roba, littattafan aikin yara a cinyarta, tana dubawa da jan biro kamar ba abin da ya faru. Ƙanwarta, wadda suke zaune tare, ta kawo masa ruwa ta tsaya a ƙofa.

"Ni na ɓalle," Goggo ta ce tun kafin ya tambaya. "Da sukudireban keken ɗinkinta. Rubuta."

"Yaya, ki bari ya tambaya mana."

"Ke shiga ciki. Da bakina zan faɗa."

"Me kika je nema, Malama?" in ji Sawu.

"An ce min yarana sun manta ɗebewa a kwana ɗaya. Na je in ga da idona."

"Kin gani?"

Ta rufe littafin da ke hannunta. Ya ciro takarda ɗaya ya miƙa mata, ya ɗora yatsa a kan ɗigon. Ba ta duba ba. Sawu ya lura da wannan: ba ta bukatar dubawa.

"Tsarina ne," ta ce. "Shekara goma sha biyu ina koyar da shi kafin a hana."

"Tsarinki ne, amma ba hannunki ba ne. Ba wanda zai tona ramin da zai faɗa."

"Tsufa ya zo. Wataƙila na rikice."

"Malama, in na rubuta haka, fanshonki ya tafi."

Ƙanwar ta dawo bakin ƙofa. "Kin ji ko? Da me za mu zauna? Da keken da kika lalata wa sukudireba?"

Goggo ba ta kula ta ba. Ta dubi Sawu kai tsaye.

"Yara dubu sun bi ta hannuna. Je ka tambaye su ɗaya bayan ɗaya."

A hanya ya yi ta juya maganar. Ta san hannun. Shi ya sa ta fito daga sito ba ta yi wa maigadi sallama ba. Ya daina tambayar kansa wa ke ƙinta, ya koma tambayar wa ke cin riba. Jarrabawa ɗaya ce ake yi a shekara. Makin da yaro ya fita da shi daga aji huɗu, shi ne makin da ya shiga aji biyar da shi. Duk makin da aka rage wa Goggo, yana can yana jiran wani a ƙarshen shekara a matsayin ƙwazo.

* * *

Ranar Talata ya ce wa hedimasta gobe zai shiga azuzuwa a matsayin mai sa ido, a sanar da malamai. Da gangan ya ba su kwana ɗaya.

Malamin aji biyar Dogo ake ce masa. Bai wuce shekara talatin da biyar ba, mai tsabta, mai fara'a, shi ya zo na ɗaya a kuɗin ƙwazo bana. Ya tari Sawu a bakin ƙofa da hannu biyu, ya share masa kujera a baya.

Darasin ya tafi sumul. Duk tambayar da Dogo ya yi, hannuwa sai su tashi gaba ɗaya. Sawu ya yi minti biyar kafin ya gane tsarin: wasu dama suke ɗagawa, wasu hagu, kuma Dogo bai taɓa kiran mai hagu ba, wato wanda bai san amsa ba. Benci uku na baya babu kowa, amma ƙurar da ke ƙarƙashinsu cike take da sawun safiyar nan. A kan allo Dogo yana soke lambar sama yana rubuta ragowar a kanta, tsaf yadda manhaja ta ce.

Sawu ya bar tsakiyar allon, ya kai ido can kusurwar sama, inda kowane malami yake rubuta adadin yara da safe, wurin da fom ba shi da gurbinsa. An rubuta sittin da ɗaya. A ƙarƙashi, waɗanda ba sa nan, goma sha huɗu. An ja layi, arba'in da bakwai. A gefen ɗayan da ke gidan goma na sha huɗun akwai ɗan ɗigon alli.

Da aka tashi, Dogo ya zo yana murmushi.

"Yallaɓai, da fatan ba mu ba ka kunya ba."

"Yara sha huɗu ba su zo ba?"

"Suna laburare, yallaɓai. Suna gyaran kantocin littattafai."

"A wace makaranta ka yi firamare?"

Murmushin ya ɗan tsaya. "A nan."

* * *

Bayan an tashi yara, Sawu ya tara su a ɗakin malamai: hedimasta, Anti, Dogo, maigadi, da Goggo wadda ƙanwarta ta rako ta tsaya a waje. Ya sa an ciro allon aji biyar an jingine shi a bango kafin kowa ya goge.

Ya faɗi abin da ya samu ba ƙari. Goggo ce ta ɓalle ƙofa, amma ba ta taɓa takarda ba. An yi gugar a ƙarshen makon jarrabawa, lokacin da makulli ke bayan kalanda. An mai da amsoshi na daidai kuskure. Sannan ya ajiye takarda ɗaya a tebur, ya nuna ɗigon, ya je ya nuna na kusurwar allo.

"Ɗigo kuma?" in ji hedimasta. "Yallaɓai, rabin masu shagunan titin nan da ɗigo suke lissafi."

"Haka ne. Amma ba mai shagon da ya tsare jarrabawar aji huɗu, ya ɗaure ƙunshin da hannunsa, ya kuma gaji yaran. Anti, wa ya tsare?"

Anti ta dubi ƙasa. "Dogo."

"Na ce ni ce," in ji Goggo. "Ban san me ake ta ja ba."

"Goggo, bari," in ji Dogo. Muryarsa ba ta fita sosai. Ya zauna a bakin tebur, ya dafe gwiwoyinsa. "Yaranki suna zuwa min sun iya komai. Yaron da ya shigo da tamanin, ina zan kai shi? Ko na kashe kaina tara zan ƙara masa. Shekarar farko sai da aka ba ni takardar gargaɗi, aka ce ba ni da ƙwazo. Bara na taɓa kaɗan, ba wanda ya ji. Bana na ce in ƙara kaɗan."

"Takarda arba'in da uku," in ji Sawu.

"Ban san an kayar da ita a sa ido ba. Na ɗauka gargaɗi kawai za a ba ta, ita kuma saura shekara biyu ta huta."

"Da sakamako ya fito ka sani," in ji Anti. "Mako uku kana zaune nan kana shan shayi da mu. Ranar Litinin ma kai ka fara cewa tsufa ba ya jin kunya."

Dogo bai musa ba. Maigadi ya tashi ya fita ba tare da an sallame shi ba.

Goggo ta dubi Dogo.

"Na ce maka ɗigon a zuci ake ajiye shi in an girma," ta ce. "Kai kaɗai ka ƙi ji a ajinku."

* * *

Da kowa ya watse, ta tsaya. Sawu yana haɗa takardu.

"'Ya'yansa huɗu," ta ce. "Ba za ka iya rubuta cewa ba a gano ba?"

"In ba sunansa, naki ne zai zauna a wurin. Ofis ba ya barin gurbi."

"To in na yarda fa?"

"Ba ke kaɗai ke cin fanshon nan ba, Malama. Ƙanwarki tana can waje a tsaye."

Ta waiwayi ƙofa. Ya ga bai kamata ya ɓoye mata sauran ba, sai ya faɗa mata yadda Alhamis za ta kasance. Za a wanke ta daga taɓa takardu, fanshonta yana nan. Amma takardar da aka goge, doka ta ce a soke ta, ba a sake ba ta maki. Makin sa ido kaɗai zai rage mata, ga kuma ƙofar da ta ɓalle. Ba za ta koma aji ba. Shi zai rubuta abin da ya gani a ƙarƙashin gugar, amma ya san inda irin wannan shafin yake ƙarewa.

"Ka iya karanta na ƙarƙashin?" ta tambaya.

"Yawanci."

"Nawa suka ci?"

Ya buɗe littafinsa. "Cikin sittin da ɗaya, hamsin da biyu. Uku ban iya karantawa ba."

"Akwai wata 'yar siririya mai rubutu da hagu. Lamba ta talatin da takwas."

Sawu ya lalubo takardar daga cikin ƙunshin. Jan biron ofis ya ba ta huɗu cikin ashirin. Ya kwantar da tocila, ya bi layin ɗaya bayan ɗaya, Goggo tana tsaye ba ta matso ba.

"Goma sha bakwai," ya ce.

Ta gyaɗa kai. Ta buɗe jakarta ta ciro littattafan aikin yaran da ta gama dubawa, ta jera su a kan teburin hedimasta, ta daidaita bakinsu da hannu.

"A ba wanda zai karɓi ajin," ta ce. "A ce masa sun tsaya a shafi na goma sha tara."